Marinin da Ya Tambayi Zare

Wata mai rubuta manhajar kwamfuta ta kai wa malaminta kuka. Ta ce tsohon harshen rubuta manhajar da aka ɗora mata aiki da shi ba ya bambance bayanin da ake iya sauyawa da wanda karantawa kawai ake yi, sai manhaja ta shiga hannun jama'a sannan ɓarna ta fito. Malamin ya ce ta zauna, ya ba ta misali.

Ya ce wani marini ne matan unguwa suka kawo wa farin yadi turmi arba'in, ankon walima, suna so ranar Juma'a ya zama shuɗi iri ɗaya. A ido duk auduga ne, a hannu ma haka. Amma ya san halin kasuwar yanzu: akwai yadin da aka cakuɗa da roba, wanda ko kwana bakwai ya yi a rami ba zai sha shuni ba. Bara maƙwabcinsa ya tsunduma irin wannan aiki gaba ɗaya, sai da aka shanya aka ga rabi shuɗi, rabi kamar an ɗauraye da bula. Har yau mata in za su wuce ta gabansa sai sun kau da kai. Aka ce wa marinin namu a birni akwai na'urar da ke haska yadi ta faɗi asalinsa. Shi kuwa abin da ya gada rami ne da sanda da kaskon wuta. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don sunan da ya yi shekara talatin yana ginawa na iya rushewa a wuni ɗaya.

Sai ya jawo kaskon nan gabansa. Ya bi turmi ɗaya bayan ɗaya, yana zaro silin zare daga gefe yana kangawa a garwashi. Wanda ya ci wuta ya zama toka mai laushi, ya ajiye turminsa dama. Wanda ya narke ya dunƙule yana warin leda, ya tura hagu. Tara suka faɗa hagu, alhali ko murfin ramin bai ɗaga ba. Ya aika aka kira shugabar matan, ya nuna mata dunƙulen a tafin hannunsa, ya ce, "Hajiya, tara ɗin nan a mayar wa mai kanti, ba za su karɓi rini ba." Ta ce, "Malam, ai ko jiƙa su ba ka yi ba." Ya ce, "Zarensu na tambaya." Ranar aka canjo su. Da Juma'a ta zo mata arba'in suka fito jere, ba mai iya nuna turmin da ya fi wani haske. Marini na tsaye da shuɗayen hannuwansa, baki har kunne, mata na nuna shi ga baƙi.

Malamin ya ce da ita, "Ke ma tsohon harshenki yana da garwashinsa. Tsara ɗan gwajin da zai tsayar da aiki tun wajen haɗa manhajar, kafin a taɓa bayanin da ba a taɓawa. Ai da tsohuwar zuma ake magani."