Hayaƙin da Ke Bin Ƙasa

Kwalbar aidin ta fashe cikin garin kulorin na wanke rijiya, sai jan hayaƙi ya tashi. Malamin asibitin hukumar En'e ya juyo da sauri. Ya san haɗin nan ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, huhu yake ƙonawa.

A ƙasan kuwa surukarsa ce zaune, ta zo daga Dangora karɓar magani, ta juya baya don kunya. Tun aurensa bai taɓa haɗa ido da ita ba.

"Inna, a tashi," ya ce.

Ta ƙara sunkuyar da kai. Hayaƙin ya taɓa zanenta.

Ya sungume ta ya yi waje, a gaban jama'a.

"Sauke ni, ɗan nan," ta ce cikin tari. Amma hannunta bai saki rigarsa ba.