Hancin Malam Abdulmuminu

Malam Abdulmuminu ya ajiye takardar ƙarin girma a kan kantar Cyprian, tsakanin kwalaben maganin tari, ya ce a taya shi murna, Abuja ake kiransa. Shekarar da sojoji suka koma bariki ce, sabuwar gwamnati tana ta sauya wa manyan ma'aikata kujeru, shi kuma rabonsa ya faɗo a kan ta mataimakin darakta.

Cyprian mai shagon magani ne, haifaffen Sabon Gari, kuma babu wanda ya kai shi sanin tarihin hancin abokinsa. Ya karanta, ya ɗago kai. "Malam, ka yi shawara da hancinka kuwa?"

Ba da wasa ya yi tambayar ba. Hancin nan ya fi kowane babban sakatare iko da aikin mai shi. A Fatakwal ya fara bore, atishawa ba ƙaƙƙautawa, ido jajur. Likita ya ce fumfunar damina ce da ke tashi daga jikin bango, aka mayar da shi Inugu. Can aka ɗora wa furen bishiyoyi laifi. A Jos aka ce garin fure ne da iska ke kwasowa daga lambuna, a Kaduna kuma ciyawa. Kowace takardar likita sai ta ƙara tunkuɗo shi arewa, har ya wayi gari a Kano, inda hancin ya kwanta kamar ba shi ba. In dai ba hanyar Dawanau ya bi lokacin da hatsi ke fitar da kai ba, ko hankici ba ya nema.

Wahalar ta mayar da shi masani. A majalisarsu ta Fagge, bayan la'asar, zai faɗa maka watan da iskar kowane gari take ɗaukar fure da watan da take ɗaukar fumfuna, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Sau ɗaya Cyprian ya tuna masa cewa a Jos har da tsakiyar rani ya yi ta atishawa, lokacin da babu ko tsinken ciyawa ɗanye. Malam ya ce ai iskar Jos munafuka ce, aka yi dariya aka wuce. Yakan ƙara da cewa abin ya fi tsanani da farkawar safe, domin a lokacin furanni suke buɗewa.

Duk yawon nan matarsa Ummakulsum tana biye da shi. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ita ke ɗaure kaya, ita ke kwancewa, ita ke ɗinka sabbin rigunan matashi a kowane gida. Abin da ya riƙe ta a baƙon wuri shi ne ƙunshin kuka da daddawa da mahaifiyarta take aiko mata ta hannun direbobi daga Rijiyar Lemo.

Yanzu Innar ta tsufa, idonta ya yi rauni. Ummakulsum ce ke ɗiga mata magani, ita ke riƙe hannunta zuwa asibiti, kuma babu wata 'ya bayan ita. Da ta ji labarin Abuja ta ce, "Allah ya sanya alheri, Malam." Sannan ta shiga madafa ta yi kuka mai isarta, don ta san in aka tafi wannan karon, da wuya ta dawo ta tarar da tsohuwar tana gane fuskarta.

Cyprian ne ya kawo shawarar Malam ya je ya ɗanɗana iskar Abuja na 'yan kwanaki kafin ya sa hannu. Ummakulsum ta haɗa masa jaka: manyan riguna, huluna, darduma, da matashinsa, tunda wuyansa ba ya shiri da na masauki.

Ya dawo hanci kamar tattasai, murya a shaƙe. Tun daga zaure ya yanke hukunci cewa duk ƙasar nan babu iska mai mugunta kamar ta Abuja, ciyawar duwatsun nan ce ke zuba guba. Ya rubuta ya ba da haƙuri, ya ce a bar shi a Kano. Abin ya yi masa ciwo, don ya daɗe yana mafarkin kujerar. Ummakulsum ta yi masa farfesu mai yaji, ta zauna tana yi masa fifita, kuma har cikin ranta ta tausaya masa.

Washegari ta ɗauki matashin, ta ce za ta kai a sake masa auduga, ta nufi Rijiyar Lemo. Inna ta karɓa, ta laluba gefensa da yatsa.

"Ya ƙi Abujar?"

"Ya ƙi, Inna."

"To madalla. Amma kin cika hannu, 'yar nan, ni ma da ke zaune nan hancina ya ji."

Tsohuwar ta warware ɗinkin, ta zaro ɗan ƙullin bununi, garin furen nan mai launin rawaya da take kakkaɓowa daga kan geron gonarta duk damina. Tun daga Fatakwal har Abuja, duk garin da Malam ya zagi iskarsa, geron surukarsa yake kwana yana shaƙa.