Shekarar da Aka Ɗauki Fim Ɗin

Tsohon ya ɗaga sanda ya rotsa majigin da ke haska fim a shagon, ya juya ya fasa wa mai shagon baki. Matarsa ko motsi ba ta yi ba.

Shekara talatin tana bin rumfunan birnin Yokohama, tana neman fim ɗin samarin da yayanta ya kaɗa gita a ciki, kafin a tsinci gawarsa a bakin teku, an farke masa ciki. Yau ta sami fim ɗin, aka haska musu, gwangwanin da aka adana shi ɗauke da shekarar 1967.

Ta ce, "Maigida, ka ce mini sai a shekarar 1970 ka fara taka garin nan."

"Shirme ne, tashi mu tafi."

Ta sunkuya ta ɗauki fasasshen gilashi. "To wa na gani yana buga ganga a bayan yayana?"