Tururuwar Janar

Rosalba ta sake tura gyaren da tsinke har gaban bakinsa. Janar bai ko dube shi ba. Yana kwance a kan yashin akwatin gilashi, cikinsa da a da yake faffaɗa kamar faifai ya lotsa, ƙahonin kansa sun yi wa jikin yawa.

Ƙadangare ne mai ƙaho, irin na dajin Sonora. Fermin, mijinta, shi ya kawo mata shi cikin hula ranar da ya zo neman aurenta. Sauran samari fure suke kaiwa. "Muddin wannan yana cin abinci, ni naki ne," ya ce mata. Ta yi dariya har da hawaye, amma maganar ta zauna mata a rai.

Ita dabbar ba ta taɓa kwanta mata ba, mai kyautar take so. Fermin ne ke ɗawainiya da Janar duk shekarun nan. Kowace safiya zai durƙusa bakin ramin jajayen tururuwa da ke bayan gida, ya kwaso su da cokali cikin kwalba, ya zuba masa, ya yayyafa masa ruwa a gadon baya kamar raɓa. Iyakar Rosalba ta leƙa ta ce, "Bana Janar ya yi haske." Fermin ya ce haka suke, suna sake launi idan sun tashi daga barcin sanyi. Har ƙahonsa da ya taɓa karyewa sai da ya dawo.

Da lokacin tsinkar inabi ya zo, Fermin ya samu aiki a gonakin Kaborka. Yana ɗaure jaka yana nanata mata, da sunan da yake kiranta na ƙauna, "Jajayen tururuwa, Albita. Ba tsutsa ba, ba nama ba. Su kaɗai cikinsa ya sani."

"To, likita," ta ce.

Sati bai zagayo ba ƙanwarta Ofeliya ta kawo ziyara da jaririyarta mai rarrafe. Suna murza masarar da za su yi wainar tortiya, yarinyar ta sulale bayan gida. Kafin su kai, ƙafafunta sun yi jawur da cizon tururuwa, tana kuka har numfashi na sarƙewa. Rosalba ba ta tsaya tunani ba. Ta ɗauko garin maganin ƙwari ta juye a ramin, ta bi da tafasasshen ruwa. Sai washegari, da ta ɗauki cokali da kwalba, ta gane abin da ta yi.

Maƙwabta tuni suka kashe nasu ramukan. Ta ba Janar ƙananan baƙaƙen tururuwa na ɗakin girki, ya ɗanɗana ya bari. Ta sayo gyare, ta sayo tsutsa. Daji yana da nisa, rana tana da zafi, kullum sai ta ce gobe.

"Ya Janar?" Fermin ya tambaya a waya.

"Yana ci kamar an aiko shi."

"Kin gani? Ni ma ina nan, ban canza ba."

Ta ajiye wayar.

Da safiyar Laraba ta sami Janar a sandare, ido rabi a buɗe. Ta naɗe shi a ƙyallen da ta yi wa ado da hannunta, ta binne shi gindin lemo. Fermin kuwa Asabar zai dawo. Ta yi ta jera yadda za ta faɗa masa, kowace jimla ta ɗauko sai ta ga fuskarsa, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana durƙuso a rana, tururuwa na cizon yatsunsa, don kyauta ɗaya ta rayu. Ita kuma an bar mata na 'yan makonni.

Ta ɗauki kwali ta nufi bayan gari, wajen Donya Kata, tsohuwar nan mai awaki da Fermin ke zuwa sayen cuku wajenta idan sanyi ya wuce. An ce babu ramin da ba ta sani ba a dajin nan.

Ta tarar da ita tana tatsar akuya. Suka gaisa. Rosalba ta tsaya tana murza bakin kwalin.

"Cuku ya ƙare, 'yata."

"Ba shi na zo nema ba, Donya. Ƙadangare nake so, mai ƙaho. Girmansa kamar tafin hannuna." Muryarta ta yi ƙasa. "Kuma don Allah kada mijina ya ji."

Tsohuwar ta saki nonon akuyar, ta ɗago ta ƙare mata kallo.

"Ke ba matar Fermin ba ce?"

"Ni ce."

Donya Kata ta goge hannu a jikin siket ɗinta, ta girgiza kai.

"Ku dai kun ƙarar mini da ƙadangarun dajin nan. Tun shekarar bikinku yake zuwa duk ƙarshen sanyi da hularsa a hannu, wai na bara bai farka ba, in samo masa wani, kuma don Allah kada matarsa ta ji."