Fatar Ƙasa a Lambun Kaka

Abin da na fara gani da na shiga lambun kakana a bayan Ƙofar Marusa shi ne wani baƙin ɓawo da ya lulluɓe ƙasa tsakanin dashen zogale. Na bi ta kansa da takalmin makaranta, yana ƙaras-ƙaras, har na kai tsakiya.

"Amarya, daga zuwa sai ɓarna? Tsaya nan, kada ki motsa!" in ji Kaka.

Ya durƙusa a gefe, ya ɗaga ɓawon da farce. Ƙasar da ke ƙarƙashi da sanyinta da danshinta, alhali ruwa ya daɗe da ɗaukewa. Inda na taka kuwa rairayi ya buɗe, har ya fara fari.

"Wannan fatar rai gare ta," ya ce. "Ita da inuwar darbejiyar can ke riƙe wa dashena ruwa. In ta yage, sai an yi shekaru kafin ta dawo."

Na duba gaba, na duba baya, duk inda zan sa ƙafa ɓarna ce. Rana na dukana, kunya ta hana ni kuka. Har yau, in na rasa mafita, ƙamshin ƙasar nan nake ji.

Na ɗaga kai na dube shi.

"Kaka, don Allah nuna mani inda zan taka."