Hoton Baba Sannu a Shafin Farko

Baba Sannu direban motar ɗalibai ne a wata makarantar sakandare. Yara ne suka laƙaba masa wannan suna, wai ko kaza ce ta gifta sai ya taka birki ya jira ta gama yangarta. Shi kuwa ba ya jin haushi. Yakan ce gara ya makara ya sha faɗan shugaban makaranta, da ya mayar wa wata uwa ɗanta a karye.

Likita ya daɗe da gaya masa yana da hawan jini. Matarsa ta san halinsa na mantuwa, don haka kullum takan ƙulla masa maganinsa a 'yar leda ta tura masa a aljihu. In an tashi daga makaranta, kafin ya kwashi yara, sai ya kwance ledar, ya watsa ƙwayoyin a baki, ya kora da ruwa.

A makarantar akwai ajin koyon aikin jarida. Su ne suke fitar da 'yar jaridar makaranta duk wata, su ne kuma suke haɗa littafin hotunan 'yan ajin ƙarshe. Autar Baba Sannu tana cikin waɗanda za su gama a shekarar, domin makarantar tana karantar da 'ya'yan ma'aikatanta kyauta. Har an ɗauke ta hoto, ta zo gida tana ba shi labarin yadda mai hoto ya yi ta fama da ita ta daina rufe ido.

Wata safiya ya sauke yara, sai ya ga babu mai ce masa a huta gajiya. Masinja ya zo ya ce shugaba yana nemansa.

A kan teburin shugaba ya ga jaridar. Ga shi nan a shafin farko, kai a sama, leda a hannu. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: "Me direbanmu yake haɗiya kafin ya ɗauke mu?"

Ashe an ba 'yan ajin aikin rubutu a kan shaye-shaye. Wata yarinya mai ƙwazo, wadda ƙawayenta suke kira 'Yar Rahoto, ita ta ɗauki hoton. Malamarsu tana can tana fama da littafin hotuna, madaba'a ta matsa mata, sai ta sa hannu a jaridar ba ta karanta ba. Kafin a buga ƙararrawar shiga aji, hoton ya gama zagaya wayoyin iyaye.

Baba Sannu ya yi bayani, washegari ya kawo takardar asibiti. Shugaba ya karanta, ya ce shi kam ya yarda. Amma iyaye sun riga sun ce ko a canja direba ko su kwashe 'ya'yansu.

"Ka yi haƙuri, Baba," in ji shi, yana kallon tebur. "Ka ajiye makullin tukuna, sai ƙura ta lafa."

Ƙura ba ta lafa ba. Da wata ya zagayo jaridar ta buga gyara, layi biyu a shafin baya, ƙarƙashin sakamakon wasan ƙwallo. Ba wanda ya tura wa wani wannan a waya. A lokacin an riga an ɗauki sabon direba, Auta kuma ta dawo gida da littattafanta tunda karatun kyauta ya ƙare, ana saura kaɗan a fara jarrabawa.

Ya shiga neman aiki. Duk inda ya je sai a yaba hankalinsa, a ce ya dawo gobe. A wani kamfani ne mai ɗaukar ma'aikata ya juyo masa da fuskar waya ya tambaye shi ko ba shi ne wannan ba. Tun daga ranar ya daina shan magani a gaban mutane. In yana waje sai ya bar ledar a aljihu, ya ce sai ya koma gida, in ya koma kuma ya manta. Wata rana da azahar ya yanke jiki ya faɗi a bakin titi. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Malamar ta zo duba shi tare da 'Yar Rahoto. Yarinyar ta durƙusa a gefen katifa tana kuka, tana cewa ita ba ta ce ɗan ƙwaya ba ne, tambaya kawai ta yi.

Baba Sannu ya dube ta. Ya gane ta sarai, ita ce mai zama a kujerar da ke bayansa. Magana tana yi masa nauyi, amma ya daure.

"'Yata, tambaya kika yi, gaskiya ne. Amma duniya kika tambaya. Ni da nake gabanki kullum, me ya hana ki tambaye ni?"

Ya ce ya yafe mata, ya roƙi malamar kada a hana ta rubutu, a dai koya mata. Auta ta raka su bakin ƙofa, ta dawo ta tayar da shi zaune, ta ba shi ruwa a baki.

Jama'a, ko a jaridar makaranta ne ko a wayar hannu, kada mu yaɗa magana a kan mutum sai mun bincika, mun kuma ji ta bakinsa. Ana iya buga gyara a takarda, amma gyaran ba ya mayar wa mutum mutuncinsa da lafiyarsa.