Wa Ya Kori Carki?

Kai ka kashe min saniya, Tanimu malamin gona. Kai ka kafa ƙarfen nan mai korar tsuntsaye a garinmu, ka ce jan-baki ba zai ƙara cin gero ba. To, ya tafi. Carki ma ya tafi, shi da yake hawa bayan shanu yana tsince musu kaska. Shekara uku ko kukan kurciya ba mu ji ba.

Yau na tako har ofishinka da ƙwarya a rufe. Ka ce, "Iya Dudu, yi haƙuri, ba don carki aka yi ƙarfen ba."

Na ce, "Shi carkin ka gaya masa?"

Na juye ƙwaryar a teburinka. Kaskar kunne ɗaya ce, ta maraƙin da ya rage min. Ka ja kujera baya, ka ce doka ta hana taɓa ƙarfen.

Maraƙin nan ba zai kai Juma'a ba. Ga ni zaune a ƙofarka, Tanimu. Kirawo wanda ya sa hannu a dokar, ya zo ya amsa min da bakinsa.